Shafukan intanet da ke raba mutum da ji-ta-ji-ta

Daga tashar motar Birnin Kudu har zuwa kasuwar Sara da ke ƙaramar hukumar Gwaram, da wuya ka ga majalisar matasa da babu babbar waya a hannun wani. Akasarin datar da ake saye tana ƙarewa ne a Facebook da TikTok da WhatsApp, kuma ban ga laifin hira da nishaɗi ba. Abin da ke damuna shi ne, wayar da ake kallon barkwanci da ita tana iya amsa tambayoyin da mutanenmu ke biyan kuɗin mota zuwa Dutse ko Kano don su yi, ko kuma su miƙa wa wani dillali ya yi musu. A ganina, shafin da ya fi kowanne amfani ga talakan kudancin Jigawa shi ne wanda zai ba shi damar duba magana da idonsa daga tushenta, kafin ya saki kuɗinsa ko lambobin sirrinsa.

A fara da harkar karatu, domin a nan ne aka fi cin gumin iyaye. Tun shekarar 2017 hukumar JAMB ta ɓullo da tsarin CAPS, inda ɗalibi ke shiga shafinta ya ga ko wata makaranta ta ba shi gurbi, sannan ya danna karɓa ko ƙi da hannunsa. Duk gurbin da bai bi ta nan ba, hukumar ba ta san da zamansa ba, kuma ranar da aka zo tafiya bautar ƙasa ake gane hakan, bayan an sha wahalar shekara huɗu. Saboda haka yarinyar da ta gama sakandare a Basirka, take neman Jami'ar Tarayya ta Dutse ko Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa, ba ta da bukatar wani mai cewa yana da hanya. Haka sakamakon WAEC da NECO, kowanne yana da shafinsa, inda ake sa lambar jarrabawa da lambar katin da aka saya, sakamako ya fito a take. Asusun rancen ɗalibai na NELFUND, wanda ya buɗe shafinsa a watan Mayun 2024, kyauta ake cike shi, rancen ba shi da ruwa, kuma kai tsaye yake tura kuɗin makaranta ga makarantar. Duk wanda ya ce a ba shi wani abu don ya sa sunan yaro a ciki, ya riga ya nuna ko shi wane ne.

Yadda damfarar take zuwa kuwa sananne ne. Saƙo ne ke faɗowa a zauren WhatsApp na unguwa, da hoton tambarin gwamnati a sama, ana cewa an buɗe rabon tallafi, a yi maza a cike kafin ƙarfe goma sha biyun dare, kuma a tura wa mutum goma. Mutum ya danna, sai ga gurbin suna, gurbin lambar BVN, gurbin lambar katin cirar kuɗi, daga ƙarshe a nemi lambar nan da banki ke turowa ta saƙon tes. Kafin a kira sallar magariba asusu ya zama wayam. Abu guda da zai ceci mutum a nan shi ne ya ɗaga ido ya karanta adireshin da ke can saman allon wayar. Galibin shafukan hukumomin gwamnatin Najeriya da .gov.ng suke ƙarewa, kuma hukumar NITDA ce ke ba da wannan ƙarshen, ba a sayar wa kowa da kowa. Ga masu zuba jari kuma, hukumar SEC tana da jerin kamfanonin da ta yi wa rajista a shafinta, hukumar CAC ma tana da wurin binciken sunan kamfani kyauta. Waɗanda harkar zuba jarin bogi ta MMM ta cinye a ƙarshen 2016, da waɗanda irinta ta CBEX ta durƙusar a watan Afrilun 2025, da yawansu maganar aboki suka bi, ba su leƙa ko'ina ba.

Manomi ma yana da nasa rabon. A farkon kowace shekara hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina, da jadawalin da ke nuna kowace ƙaramar hukuma, wato Birnin Kudu da Gwaram kowacce da layinta: lokacin da ake sa ran saukar ruwan shuka, lokacin ɗaukewarsa, da tsawon damina. Hasashe ne, Allah kaɗai ya san gaibu, kuma yakan kuskure. To amma mai buhun irin gero ko riɗi guda ɗaya tak, wanda ruwan farko kan ruɗa ya yi shuka sannan fari ya biyo baya, ya fi kowa bukatar ƙarin haske kafin ya zuba irinsa a ƙasa. A ɓangaren magani kuma ko data ba a bukata. Tun 2010 NAFDAC ta kawo tsarin da ake kankare wani ɗan fili mai ruwan azurfa a jikin kwalin wasu magungunan zazzaɓin cizon sauro da makamantansu, a tura lambar da ta bayyana ta saƙon tes, amsa ta dawo ko na gaske ne. Uwar da ta fito daga Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu da takardar likita, ta tsaya a kemis, za ta iya yin wannan da farcenta kafin ta miƙa kuɗi.

Za a ce ai duk waɗannan shafuka da Turanci suke, kuma wannan ƙorafi ne mai ƙarfi. Abin takaici ne a ce hukumar da ke hidima ga miliyoyin masu jin Hausa ta kasa fassara shafi guda na umarni. Sai dai katangar ba ta kai tsayin da ake zato ba. Google Translate ya sa Hausa cikin harsunansa tun 2013, kuma ko da fassararsa na yin tuntuɓe a kan karin magana, yana iya gaya maka cewa wannan gurbin na ranar haihuwa ne, wancan na sunan mahaifi. Ban da haka, gidaje ƙalilan ne yanzu babu ɗan sakandare a ciki ko a maƙwabta. Za a kuma ce data ta yi tsada, musamman bayan ƙarin da ya kai kashi 50 cikin ɗari da hukumar NCC ta amince wa kamfanonin waya a watan Janairun 2025, ga ƙauyukan da sai an hau tudu ake samun sabis. Gaskiya ne. Amma shafin rubutu ba ya shan data kamar bidiyo, duba sakamakon jarrabawa bai kai cin 'yan mintoci na TikTok ba, kuma bai kama ƙafar kuɗin mota zuwa Dutse da dawowa ba. Wasu abubuwan ma ƙaramar waya ta wadatar: *346# na dawo maka da lambar NIN, *565*0# na nuna BVN, a kan ɗan kuɗi kaɗan da ake cira.

Ƙorafin da na fi ɗauka da nauyi shi ne na masu shagunan intanet, matasan da ke cin abinci da cike wa mutane fom. Ba na kiran a kashe musu kasuwa, domin akwai ayyukan da dole sai da su, kamar buga takardu da ɗora hotuna, rajistar JAMB ma sai a cibiyar da hukumar ta amince da ita ake yi. Abin da nake so ya canza shi ne zaman da mai fom ke yi a benci a waje, ya bar wani yana ƙirƙira masa adireshin imel da lambar sirri, ya sa lambar wayar shago a madadin tasa. Bayan shekara biyu, idan shagon ya tashi ko mai shi ya koma Kano, ɗalibin ba ya iya shiga shafinsa na JAMB, saƙon makaranta kuma yana tafiya wayar wani. Mai shago na ƙwarai zai jawo maka kujera kusa da kwamfuta, ya bar ka ka buga lambar sirrinka da kanka, ya karanta maka abin da ya cike kafin ya tura, sannan ya rubuta maka imel ɗinka a takarda ka tafi da shi gida.