Me Ke Sa Shafin Intanet Nauyi Lokacin Adana Kwafi?

Manoman rani na Kura da Bunkure sun san cewa ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, rabonsa ake yi: idan na sama suka buɗe ƙofofinsu gaba ɗaya, na ƙarshen magudana sai su rasa. Haka kwamfutar da ke ɗauke da shafin intanet take. Yayin da manhajar adana kwafi ke karanta fayiloli tana matse su, masu ziyara sai jira. Don tabbatar da laifinta, akan dakatar da ita a sake auna saurin shafin. Idan ya ƙaru, sai a mayar da aikinta tsakar dare, ta riƙa kwafe abin da ya sauya kawai. Daina adanawa kuwa ganganci ne, domin ranar da faifai ya lalace, komai ya salwanta.