Sitiyari Mai Yawo da Igiyar Shanun Huɗa

Da kaka ta kama, tsofaffin motoci ke fitowa daga maɓoyarsu. Tsakanin Funtua da Bakori, ko daga Kafur zuwa Malumfashi, sai ka ga akori-kura an labta mata masara har sama, ga tsohuwar Hilux, ga Landirofa jefi-jefi, irin wadda dattawa ke tunawa tun zamanin malaman gona na shirin noman Funtua da Bankin Duniya ya tallafa wa a 1975. Kalli hannun direban. Hanya miƙe take sambal, amma shi bai huta ba, ɗan dama, ɗan hagu. Motar ce ke yawo, shi kuma yana ta taro ta.

Duk wanda ya taɓa bin shanun huɗa ya san ciwon nan. Ka ja igiya, sai ta gama miƙewa kafin saƙo ya kai hancin sa, kafin nan ya riga ya taka kunya biyu. Sitiyari igiya ce, sai dai ta ƙarfe, kuma mai ƙulli da yawa. Daga hannunka saƙo zai gangara akwatin sitiyari, ya bi sanduna, ya ratsa gaɓoɓin da makanikai ke kira tairod da bol-join, sannan ya isa taya. Tsohuwar Landirofa gaɓoɓi 6 gare ta a wannan layi, ban da wani ɗan akwatin mai da ke gaban shasi. Kowace gaɓa in ta ci rabin ƙwayar gero, in ka tara sai ka ga sitiyari na juya taƙi guda tayoyi ba su ma sani ba. Shi ya sa neman mai laifi ɗaya ke wahalar da mutane, taron dangi ne aka yi wa motar.

Amma kafin a zargi igiya, a duba shanun. Wa zai haɗa bijimi da maraƙi a karkiya ɗaya ya ce yana son kunya miƙaƙƙiya? To mu haka muke yi: taya ɗaya sabuwa, ɗaya ’yar Kwatano da ta suɗe, wannan iska ta yi mata yawa, waccan ta kwanta. Mai faci zai raba wannan gardama da kuɗin shayi. In motar gefe guda kawai take ja, sau da yawa maganar a nan take ƙarewa. In kuwa lilo take yi, dama da hagu, sai a shiga ƙarƙashi.

Binciken mutum biyu yake so, kamar huɗar kanta. A tsayar da mota a ƙasa mai tauri, tayoyi na kallon gaba. Yaro ya zauna yana kaɗa sitiyari kaɗan-kaɗan, oga ya kwanta ya dafa kowace gaɓa da tafin hannu. Gaɓar kirki tare take tafiya da sandarta. Wadda ta mutu sai sanda ta fara motsi sannan ta biyo, kana jin ƙwas-ƙwas a hannunka, robarta a yage, jar ƙasa ta cakuɗe da giris ta zama abin wasa wuƙa. Daga nan a ɗaga gaba da jak. Kama taya sama da ƙasa ka jijjiga: in ta amsa, boris ne ko ƙusar da tayar ke juyawa a kai. Kama ta gefe da gefe: in ta amsa, tairod ne. A duba notocin da suka ɗaure akwati a jikin shasi, don wani lokaci akwatin lafiyarsa lau, gindinsa ne ke rawa, ko shasin ya tsage a wurin.

Inda nake faɗa da wasu makanikai shi ne wannan ɗan noti na saman akwati. “Alhaji, bari in ɗaure maka shi, yanzu za ka ji ta tsaya.” Za ta tsaya kuwa, irin tsayuwar san da aka shaƙe wa igiya har ya kasa juya wuya. Akwati a tsakiya yake ci, don nan yake wuni. In ka matse shi har tsakiyar ta cike, gefe zai cije, ka sha kwana sitiyari ya ƙi dawowa. Shi ne na ƙarshen taɓawa, a hankali, tayoyi a saiti, ana ɗaurewa ana gwadawa.

Akwai kuma yawon da ba sako-sako ya kawo shi ba. Amalanke in shanu na ja, da kanta take bin sawunsu, amma tura ta baya ka ga yadda take kaucewa. Masu ƙera mota sun ɗan kwantar da ƙusar tayar gaba don tayar ta zama mai bi, ta riƙa miƙe kanta. Sai mai mota ya je a ƙara masa ganyen sifirin don ta ɗauki buhu fiye da ƙima, ko a ɗaga ta don ramukan damina, wannan kwanciya ta lalace, mota ta koma amalanken da ake turawa. Haka in robobin sifirin sun cinye, ko ƙusar tsakiyarsa ta karye, ƙafar gaba gaba ɗaya sai ta riƙa zamewa, kamar karkiyar da ba ta zauna a wuya ba.

Saitin tayoyi, wanda kowa ke fara rugawa wurinsa, sai an gama canza gaɓoɓi yake da amfani. Ana so tayoyin gaba su daidaita yadda aka ƙera motar, kada kowace ta kalli gonar maƙwabci. Kaya kuwa, ko daga Ƙofar Ruwa ta Kano aka kawo su ko Panteka ta Kaduna, a matsa gaɓar da hannu kafin a biya, mai kyau tauri gare ta. A sa mata filin makulli na gaske, ba ƙusar kafinta ba.

Sai lodi. Buhunan da aka jibge a bayan tayar baya ɗaga gaba suke yi, kamar amalanken da kaya suka rinjaya ta baya har karkiya ta ɗaga. Tayar da ba ta danne ƙasa ba, ko sabuwa ce fil, ba ta jin magana. Masu nauyi a matso da su jikin kan mota, kuma gwajin bayan gyara a yi shi da kaya a kai, a hanyar da motar ta saba bi.