Ƙusar taya ta karye: maganganun gareji, na gaskiya da na ƙarya

Galibi a wurin mai faci abin ke faruwa. An gama liƙe taya, an mayar da ita, yaron shago ya zura bututun ƙarfe a hannun wil-sifana ya hau da ƙafa, sai a ji ƙas! Noti ya faɗo ƙasa da guntun ƙusa a cikinsa. Nan take kowa ya zama malami. Wannan ya ce, "Alhaji, ka tafi abinka, sauran huɗun sun isa." Wancan ya ce a kai wa mai walda. Wani ya rantse sai an sauya hob gaba ɗaya, wato ƙarfen da wili yake zama a kansa. A cikin maganganun nan akwai na gaskiya, akwai masu rabin gaskiya, akwai kuma waɗanda ke iya sa taya ta fice ana tsaka da gudu.

Da farko sai mutum ya san irin motarsa, domin ba duka ake ɗaure musu taya ta hanya ɗaya ba. A Toyota da Honda da Nissan, ƙusoshin, waɗanda makanikai ke ce wa sitod, a kafe suke a jikin hob, noti ake murzawa a kansu. A Golf da Sharon da Marsandi da BMW da Fijo 406 kuwa, babu ƙusa kafaffiya, bol ne mai kai yake ratsa wili ya shiga ramin hob. Mai irin wannan mota sabon bol kawai zai saya, sai fa in tsohon ya karye a cikin ramin ko zaren ramin ya cinye, wannan kuma aikin makaniki ne. Maganarmu a kan kafaffiyar ƙusa ce.

Batun sauya hob gaba ɗaya, a mafi yawan lokuta ba gaskiya ba ne. Ƙusar ba a walde take ba. Daga bayan hob aka turo ta, wuyanta yana da 'yan haƙora da suke cizon ramin don kada ta juya, kanta mai faɗi kuma ya tokare daga baya. Yadda ta shiga haka take fita. Sai in ramin ya buɗe har sabuwar ƙusa tana juyawa a ciki, ko hob ɗin ya tsage, sannan maganar sauya shi take tasowa.

Jita-jitar da ta fi kowacce ɓarna ita ce wadda ba a ma ɗauke ta jita-jita ba: wai gwargwadon yadda aka ƙulle noti, gwargwadon amincin taya. Ƙusa ba ɗaukar nauyin mota aka yi ta don ta yi ba. Aikinta ta matse wili da fuskar hob, matsi mai ƙarfin da zai hana su zamewa, kuma wannan matsin ne yake riƙe da mota. Idan aka ɗaure noti, ƙusar tana ɗan miƙewa, miƙewar da ido ba ya gani, tana kuma ƙoƙarin komawa yadda take, kamar robar gwafa da aka ja. Muddin ba a wuce iyaka ba, wannan jan ne yake hana noti kwancewa. Da zarar an wuce iyaka, ƙarfen ya miƙe ke nan ba zai koma ba, ya sirance a wuri ɗaya, ƙarfin matsinsa ya ragu. Yau ba za ta karye ba, sai wata rana a kan hanya, ko a hannun mai faci na gaba, shi kuma a ɗora masa laifin da ba nasa ba.

Kamfanoni sun ƙayyade awon ƙarfin da za a ɗaure noti da shi, da ma'aunin Nm. Corolla da Camry Nm 103 ne, Civic da Accord Nm 108, yawancin Golf kuma Nm 120. A yi lissafi: mutum mai nauyin kilo 70 in ya tsaya a ƙarshen sifana mai tsawon santimita 30, ya ɗora wa noti sama da Nm 200, wato ninki biyu na abin da Corolla take buƙata, tun kafin ya fara tsalle. In aka ƙara bututu mai tsawon mita ɗaya, abin ya doshi Nm 700. Injin iska da wasu shaguna ke ɗaure noti da shi ma yana wuce gona da iri in ba a saita shi ba. Maganin shi ne sifana mai awo, wadda take yin ƙas idan an kai adadin da aka saita. Wanda ba shi da ita, to ya ɗaure da hannu da sifanar da ta zo da motar, ba hawa da ƙafa, ba ƙarin bututu, sannan ya nemi inda za a auna masa.

Daga nan sai maganar mai. Mutane da yawa suna shafa giris ko baƙin mai a zaren ƙusa don kada ta yi tsatsa, kuma niyyar mai kyau ce. Matsalar ita ce, awon da kamfani ya bayar na busasshen zare ne. Mai yana rage turjiya, sai noti ya shige fiye da kima alhali sifana tana nuna adadi daidai, ƙusa ta sha jan da ya fi ƙarfinta. Littafin da Toyota ke haɗawa da motocinta ya hana sa mai ko giris a ƙusa da noti ƙarara. Burushin waya ya isa ya share tsatsa. Wurin da ya fi cancantar kulawa ma shi ne fuskar hob da bayan wili: laka ko tsatsa da ta maƙale a tsakaninsu za ta murƙushe bayan an ɗan yi tafiya, matsi ya saki, noti ya kwance da kansa.

"Huɗu sun isa" fa? Rabin gaskiya ce. Mota mai ƙusa biyar da ta rasa ɗaya za ta iya lallaɓawa zuwa gida ko gareji, a hankali, ba lodi. Amma abin da ya karya ta farkon, ko ƙullewa fiye da kima ne ko tafiya da noti a kwance, ya taɓa 'yan uwanta, ga shi kuma yanzu an ƙara musu kaya. Mai ƙusa huɗu da ta koma uku ta fi shiga haɗari. Direban haya da ya cika mota da fasinja da buhuna ya kama hanyar Kano zuwa Maiduguri da ƙusa a karye, yana cewa sai ya dawo zai gyara, ganganci yake yi da rayukan mutane. A ganina, in biyu suka karye a ƙafa ɗaya, a sauya dukkan na ƙafar kawai. Kuɗinsu bai taka kara ya karya ba.

Walda kuwa babu wani rabi a cikinta, a bar ta. Ƙarfen ƙusa an gasa shi an daidaita taurinsa tun a masana'anta, wutar walda tana lalata wannan taurin, zafin kuma yana iya kaiwa ga boris.

Akwai masu cewa duk ƙusa mai lamba 12 ɗaya ce. Kaurin ɗaya ne, zaren ne ya bambanta. Toyota da Honda suna amfani da M12 mai tazarar zare 1.5, Nissan da Subaru kuma 1.25. Notin wannan zai kama ƙusar wancan zagaye ɗaya ko biyu sannan ya cije, in aka tilasta shi da sifana an kashe su duka biyun. Kaurin wuyan mai haƙora da tsawon ƙusar su ma sun bambanta daga mota zuwa mota. Har mazaunin noti ba iri ɗaya ba ne: na Honda a zagaye yake, na yawancin wilin ƙarfe a karkace, wilin alminiyon na Toyota kuma noti mai washa yake so. Don haka mai zuwa Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ya tafi da karyayyar a aljihu, a gwada su kafaɗa da kafaɗa, ya haɗa da sabon noti. Ƙusar gwanjo da aka bugo daga wani tsohon hob ba a san irin wahalar da ta sha ba.

To, ana iya aikin a gida? A motoci da yawa, ƙwarai kuwa. A samu ƙasa mai tauri wadda ba gangare, a sa waigi a sauran tayoyi, a sassauta notuna tun mota tana ƙasa, sannan a ɗaga. Jak na ɗagawa ne kawai, dole a tokare motar da ƙafar ƙarfe da aka yi don haka. Bulon siminti yana farfashewa ba sallama. A ƙafar gaba za a kwance kan birki a rataye shi da waya, kada a bar shi yana lilo a jikin tiyon mai, kada kuma wani yaro ya shiga ya taka birki a lokacin. Sai a zare faifan birki. A ƙafar baya mai ganga, sai an saki birkin hannu kafin gangar ta fito, shi ya sa waigin ba abin wasa ba ne. A juya hob har karyayyar ƙusar ta zo daidai inda akwai sarari a bayanta.

Nan ne maganar guduma take shigowa, wai tana kashe boris. Akwai ƙamshin gaskiya. Bugu biyu ko uku masu kyau a kan guntun ƙusa yakan fitar da ita, haka makanikai da yawa suke yi. Amma in ta ƙi, aka dage ana ta dukanta, duk bugun yana sauka a kan boris, bayan wasu makonni a fara jin gurnani daga ƙafar. Abin matsewa mai zare, irin wanda ake cire boljoyin da shi, yana turo ta ba tare da duka ba. Wata gaskiyar kuma: a ƙafar gaba ta wasu motocin Honda babu sararin da ƙusa za ta fita ko ta shiga sai an zare hob, zare shi kuma yakan lalata boris. Wasu suna goge gefen kan ƙusar da injin gurza don ta wuce. Ni dai in aiki ya kai nan, shawarata a kai gareji mai injin matsa boris.

Sa sabuwa ba wuya. A zuro ta daga baya, a jera washa masu kauri uku ko huɗu a kanta ta gaba, a kawo noti mai buɗaɗɗen kai a juya shimfiɗaɗɗen gefensa ya kalli washa, a riƙa ɗaurewa da hannu. Noti zai jawo ƙusar cikin ramin sannu a hankali. A leƙa baya da tocila: kan ƙusar ya kwanta lif a jikin hob, ba ratar ko ta farce. In an bar rata, za ta ƙarasa zama ne a kan hanya, noti kuma ya saki. Notin da aka yi jan da shi ya gama aikinsa, a yar da shi.

Saura zancen cewa notin gefen hagu baibai ake kwance shi. A ƙananan motocin yau ba haka ba ne, duka hagu ake murzawa su kwance. Amma a wasu motocin ɗaukar kaya na Japan, irin su Kanta da Dyna, gaskiya ne: ƙusoshin gefen hagu zarensu a juye yake, galibi da harafin L a kan ƙusar ko notin. Yaran mota da dama sun karya ƙusa suna zaton kwancewa suke yi alhali ƙullewa suke ƙara yi.

Wajen mayar da taya, a fara murza kowane noti da yatsu. A ƙusa M12 mai tazarar 1.5, ya kamata noti ya yi zagaye kamar takwas kafin ya tsaya, in bai kai ba ƙusar ta yi gajarta. A ɗaure su a tsallake, wannan sannan wanda yake fuskantarsa, ba bi da bi ba, don wili ya zauna daidai. A sauke mota a ƙarasa da awo, a taka birki sau da yawa har ya yi tauri kafin a motsa. Bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100, a sake bin notunan da sifana, musamman na sabuwar ƙusar da kuma wilin alminiyon, wanda ya fi saurin saki bayan an taɓa shi.