Ɗakin Gwaje-gwaje a Cikin Waya: Yadda Ɗaliban Injiniya Ke Yin Firaktikal Ta Intanet

Ɗalibin injiniya ɗan Jabo, ko Tambuwal, ko Kebbe, yakan tafi Sakkwato, Aliero ko Birnin Kebbi neman karatu. Can ne injuna da kayan awo suke. Da zarar an yi hutu ya dawo gida, firaktikal ya tsaya sai an koma. A shekarar 2022, yajin aikin malaman jami'o'i ya zaunar da ɗalibai a gida wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Littafi yana bin ɗalibi gida, amma ɗakin gwaji ba ya binsa. Wannan giɓin ne ɗakin gwaje-gwaje na intanet yake ragewa.

Mene ne shi?

Shafi ne da ake buɗewa a burauza kamar Chrome, a haɗa kayan gwaji a kan fuskar waya ko kwamfuta, a ga sakamako nan take. Iri biyu ne.

Na farko na kwaikwayo ne. Babu batir ko waya ta gaske, manhaja ce ke yin lissafi ta nuna abin da zai faru.

Na biyu kuwa kayan gaske ne a ajiye a wata jami'a, ɗalibi yana sarrafa su daga nesa. Ya tura umarni ta intanet, na'ura ta yi awo, ta maido masa da sakamako. Jami'ar MIT ta Amurka ta yi suna a wannan fanni da shirinta na iLab, wanda Jami'ar Obafemi Awolowo ta Ile-Ife ta shiga, tare da ta Makerere a Yuganda da ta Dar es Salaam a Tanzaniya. Da haka na'ura ɗaya mai tsada take wadatar da ɗalibai masu yawa, dare da rana.

Yadda yake aiki

Misali shi ne PhET, wanda Carl Wieman, mai lambar yabo ta Nobel a fizik, ya kafa a Jami'ar Colorado a 2002. A gwajinsa na haɗa wutar lantarki, ɗalibi zai jawo batir mai bolt 12 da yatsa, ya haɗa shi da resista mai om 6, ya sa mita. Mita za ta nuna amfiya 2, daidai da dokar Ohm da aka koyar a aji. Ya ninka resistar zuwa om 12, wuta ta ragu zuwa amfiya 1. In ya haɗa kawunan batir biyu da waya kai tsaye, sai ya ga wuta ta kama a kan allo.

Babban amfanin yana nan. A ɗakin gwaji na gaske, wannan kuskuren yana iya ƙona fiyus ko mita, shi ya sa ɗalibai da yawa ke tsayawa a baya suna kallon mutum ɗaya yana haɗawa. A waya kuwa, mutum zai ɓata sau goma ya sake, ko kwabo bai yi asara ba.

Shafukan da za a fara da su

PhET: kyauta ne, ya dace da masu farawa, kuma ana iya sauke gwaji a ajiye. Wanda sabis ke yi wa wuya a ƙauye zai iya saukewa in ya shigo gari.

Falstad: yana nuna yadda wuta ke zagayawa a da'ira, kuma ba shi da nauyi.

Tinkercad da Wokwi: na masu son Arduino ne, a haɗa kaya a rubuta masa umarni. Sun fi daɗin aiki a kwamfuta, domin fuskar waya ta yi musu ƙanƙanta.

Virtual Labs: na gwamnatin Indiya ne, da haɗin guiwar manyan cibiyoyin fasaha na ƙasar. Ya ƙunshi lantarki, kanikanci, gine-gine da sauransu.

Abin da ba zai iya ba

Gani ga wane bai isa ba a aikin injiniya. A kan allo waya ba ta saki, dalma ba ta ƙin kamawa, kuma zafin watan Afrilu ba ya rage ƙarfin faifan sola kamar yadda yake yi a zahiri. Babu wanda ya taɓa koyon walda ko riƙe ƙarfen dalma ta hanyar shafa gilashi. Saboda haka ba zai maye gurbin bita a makaranta ko horon SIWES ba.

Dabarar ita ce a haɗa biyun. Ɗalibi ya gwada da'ira a waya da dare, ya rubuta lambobin da ya samu. Da safe ya ɗauki multimita ya je wurin mai gyaran waya ko mai haɗa sola a unguwa, ya auna na gaske. In lambobin sun bambanta, sai ya zauna ya nemo dalili.