Zarnin Akurkin Zomo Da Maganinsa

Ran nan ina zagayen aiki sai wani magidanci ya tare ni a bakin kasuwa, ya ce, "Malam, zo ka duba mini. Mai gidan da na ke haya ya ba ni mako biyu, ko in kashe warin zomayena ko in fitar da su." Abin da ya fi ba shi haushi, in ji shi, irin da a ke kira cincila ya saya da tsada, ɗansa kuwa ya karanta masa a waya cewa cincila ba ta wari, ba ta bukatar kome sai ƙurar da za ta yi birgima. Har ya zuba musu rairayi a kasko. Suka mai da kaskon wurin fitsari, abin ya ƙara lalacewa.

To, bari mu fara warware wannan, gama na san ba shi kaɗai ya ruɗe ba. Dabba biyu ke amsa sunan nan. Ta asali ba zomo ba ce, dangin ɓera ce, mazauninta duwatsun Andis na Amurka ta Kudu, wurin sanyi da fari. A 1923 wani injiniya Ba'amurke, Mathias Chapman, ya kai guda 11 Kalifoniya daga ƙasar Cile, aka shiga kiwonsu saboda fatarsu, daga baya mutanen Turai da Amurka suka riƙa ajiye su a ɗaka don sha'awa. Gashinta ya cika yawa, in ya jiƙe ba ya bushewa da wuri, shi ya sa ba a yi mata wanka da ruwa sai da ƙura. Da zafi ya haura digiri 27 ta fara galabaita, saboda haka kada wani ya ɓata kuɗinsa, ba za ta ga ƙarshen bazarar Sakkwato ba. Wanda mu ke da shi a nan zomo ne sosai. A Faransa aka fid da irinsa, aka nuna shi a 1913, aka sa masa sunan waccan domin gashinsu ya yi kama, ruwan toka-toka. Ba ruwansa da wankan ƙura.

Amma akwai abu guda da masu ajiye cincila a can suka sani wanda ya shafe mu. Kashinta busasshe ne, ba ya wari, fitsari ne ke ɓata keji. Haka zomo ya ke. Lafiyayyen zomo ya kan zub da ƙwayar kashi 200 zuwa 300 a yini, amma ɗauki guda ka murje, ba abin da za ka ji sai ƙanshin ciyawa. Mutane su kan ga tulin kashi su ɗora masa laifi, su share shi, su bar katakon da ya sha fitsari yana nan.

Ga yadda zarni ke samuwa. Kowane manomi ya san takin zamani na yuriya, ya kuma san dalilin da mu ke cewa a binne shi kada a watsa a bisa ƙasa, watau ƙarfinsa ya kan bi iska. To, yuriyar nan tana cikin fitsari. Sa'ad da fitsari ya kwanta a wuri mai ɗumi da laima, ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani su kan farfasa ta, sai iskar da a ke kira amoniya ta tashi. Ita ce mai yaji a ido da hanci. In fitsari ya tsiyaye ya bar wurin, ko busasshen abu ya shanye shi aka kwashe, ƙwayoyin nan ba su sami zarafin aiki ba. Shi ya sa akurkin da ba a jin ɗuriyarsa da rani ya kan addabi unguwa da marka.

Kada a ɗauka maganar maƙwabta ce kaɗai. Kai wucewa ka ke yi ka toshe hanci, shi kuwa zomo hancinsa inci kaɗan ne daga inda abin ke tashi, dare da rana. Amoniya tana cin fatar cikin hancinsa, ta buɗe wa ciwon mura ƙofa. Za ka ji yana atishawa, ka ga farar majina, ka ga gashin cikin ƙafafunsa na gaba ya dunƙule don yana goge hanci da su. In ciwon ya sauka huhu, sau da yawa sai gawa. In kana so ka auna akurkinka, je da asuba kafin a share, ka durƙusa ka sa fuskarka daidai inda zomon ke kwanciya. In idonka ya yi ƙwalla, zomayenka suna cikin wahala, ko da maƙwabci bai ce uffan ba.

Laima tana da wata ɓarna da ta fi wannan, ita ce zawon da ke kashe 'ya'yan zomo bayan yaye, wanda likitocin dabbobi ke kira koksidiyosis. Ƙwan cutar yana fita cikin kashi, amma ran da ya fita bai isa kama kowa ba. Sai ya kwana biyu ko uku cikin ɗumi da laima, wani ma bai kai haka ba, sa'an nan ya nuna. Wanda ke kwashe kashi kullum ya riga cutar ke nan. Wanda ke bari sai Juma'a kuwa, shi ke kiwonta. In ka yanka zomo ka ga fararen ɗigo a hantarsa, ka san ta shigo, ka nemi likitan dabbobi.

Gyara daga daɓen akurki ya ke farawa. A ɗaga akurkin ƙafa 3 daga ƙasa, a yi masa daɓe da ragar waya mai kauri wadda idonta rabin inci ne a faɗi, inci 1 a tsawo, yadda kashi da fitsari za su wuce amma ƙafar ɗan zomo ba za ta zurma ba. Ragar kaji ba ta yi, siririya ce, tana yanka ƙafa, tana tsatsa. Wanda ba shi da kuɗin waya ya tsaga gora ya jera, ya bar rabin inci tsakani, santsin yana sama. A aza ɗan allo a gefe guda domin zomo ya huta, gama zama bisa waya kullum ya kan sa gyambo a dugadugansa. Sai dai a lura, zomo ya kan zaɓi lungu guda ya mai da shi makewayinsa, ba ya sakewa. Duba ka ga lungun da ya zaɓa, ka ajiye allo da abinci nesa da shi. Wajen mutumin da na faɗa muku, a wannan lungun ne kafinta ya sa katako mai faɗi, ya sha fitsari har ya yi baƙi. Irin wannan ba ya wankuwa, sai a ɓamɓare a ƙone.

A ƙarƙashin daɓen a sa kwanon rufi a karkace, ya tsiyaye cikin bokiti, a zubar kowace safiya. Fitsari yana cin kwano, wanda ya sami na roba ya fi. In ba kwano, a shimfiɗa busasshen abu a ƙasa kamar kaurin yatsa huɗu, ɓuntun shinkafa, ko ɓawon gyaɗa, ko garin katako, ko busasshiyar ƙasa ma, a riƙa kwashe inda ya jiƙe.

Yanzu ga maganar toka, wadda na san dattawa za su yi mini gardama a kanta. Gaskiya ne toka tana shanye laima. Amma toka 'yar'uwar kanwa ce, fitsarin zomo kuwa da ma ɓangaren kanwa ya ke, ba na tsami ba. In ka barbaɗa toka a kan ɗanyen fitsari, tunzura amoniya ka yi ta fito da sauri, ga ƙarfin takinka ya bi iska. Farar ƙasa ma haka. Tsami ne abokin gāban zarni. Farin dattin nan da ke daskarewa a waya kamar alli, alli ne kuwa na gaske, domin jikin zomo ta fitsari ya ke fid da abin da ya yi masa yawa na sinadarin ƙashi. Sabulu ba ya fid da shi. Zuba masa ruwan lemun tsami ko jiƙon tsamiya, za ka ga yana kumfa, ka goge da buroshi, ka ɗauraye. Sau ɗaya a mako a fid da zomayen, a kwarara wa daɓen tafasasshen ruwa, a bar shi a rana ya bushe ƙayau kafin a mai da su. Mai son sa bilic ya wanke fitsarin tukuna, gama in suka gamu su kan ta da iska mai guba.

Wasu su kan hana zomo ruwa wai don ya rage fitsari, har akwai masu cewa zomo ba ya shan ruwa. Kuskure ne babba. Zomanya mai shayarwa ta kan sha fiye da lita 1 a yini, in ta rasa sai nono ya ƙafe, fitsarin kuwa ya yi kauri, zarninsa ya ƙaru. Abin yi shi ne a ba su ruwa a kasko mai nauyi wanda ba za su kifar ba, ko a ɗaure shi da waya. Ragowar ganyen da ba su ci ba a kwashe da maraice kada ya ruɓe.

Akwai kuma kashi iri na biyu, mai laushi, a cure, mai wari. Wannan zomo da kansa ya ke cinyewa yana fitowa, galibi da dare ko da asuba, abincinsa ne, ba ƙazanta ba. In ka fara ganinsa a daɓe ko manne a gindin zomo, dusa da hatsi sun yi yawa, harawa ta yi kaɗan. A ƙara harawar gyaɗa ko ta wake. Kada a yi sakaci da jiƙaƙƙen gindi, domin ƙuda na yin ƙwai a wurin, kafin kwana guda sun zama tsutsa suna cin naman dabbar da ranta.

Namijin da ya balaga ya kan yi feshin fitsari, ya fi yi in yana ganin wani namiji. A raba su da allo, ba da raga ba. Da hunturu kuma na kan tarar an naɗe akurki da buhuna ruf saboda tausayi. Zomo ya fi jimrin sanyi da zafi, ga shi an kulle shi da zarninsa. A tare gefen da iska ke bugowa, watau gabas da arewa, a bar sauran a buɗe.

Abin da aka kwashe kada a zubar a kwata. Kashin zomo ya fi na shanu ƙarfi a lambu. A haƙa rami nesa da rijiya, a riƙa zubawa, kowane zubi a rufe da ƙasa kaɗan, ita ce za ta riƙe ƙarfin ta kuma hana ƙuda. Mutumina dai mun cire katakon nan, mun sa kwano da bokiti, mun mai da kaskon rairayi na ruwa. Da na koma bayan kwana goma na tarar mai gidan hayar ya aiko a ɗebar masa taki don tumatirinsa, amma 'ya'ya biyu da suka riga suka kamu da mura ba su tashi ba.

Mako mai zuwa za mu duba akwatin haihuwar zomanya, da yadda a ke tsare akurki daga kwarkwasa.