Famfo da Rani a Briketeri: Hattara da Daren da Ruwa Zai Dawo

Ranin Yawunde bai kai na Kano zafi ba, amma daga Disamba zuwa Fabrairu famfo kan gwada mana hali. Wani ɓangare na ruwan wannan gari daga Kogin Nyong ake tace shi, a Akomnyada kusa da Mbalmayo, kuma da rani kogi ja baya yake yi.

Ɓarnar da na fi gani a gidajen hayarmu ta dare ce. Yara su murɗa famfo da rana, ba ko ɗigo, su tafi su bar shi a buɗe. Ƙarfe 3 na dare ruwa ya dawo da ƙarfinsa, kafin asuba ya shiga ɗakin da aka jibge atamfa da buhunan shinkafa. Maigida kuwa yana Duwala wajen sari! Don haka kafin ka yi tafiya, nuna wa uwargida makullin da ke bakin mita, a riƙa rufe shi bayan isha'i.

Ruwan farko ja ne, ƙasa da tsatsa. A tare shi a bokiti don shara. In ya shiga tanki, zai toshe ƙwallon da ke tsayar da ruwa. Bututun roba da ke kwance a rana kuwa a binne shi, don rana na busar da shi har ya tsage.

Masu komawa rijiya, musamman gangaren Abiergué inda masai ke dab da rijiya, don Allah a tafasa na sha. Kwalara ba ta tambayar haya ko gidan kanka.