Su Wa Ke Cika Tsakar Gari Ran Litinin?

Kwanan baya wani abokina, wanda muka yi makarantar horon malamai tare, ya raka ni rangadin makarantu a gabashin Sakkwato. Ya daɗe yana aikin ofis a Kaduna. Muka isa Wurno ran Litinin da hantsi, muka tarar da bakin tasha ya cika maƙil, ga 'yan kabu-kabu, ga masu shayi, ga majiya ƙarfi zazzaune a inuwa. Sai ya dube ni da mamaki, ya tambaye ni ko mutanen nan duk ba su da aikin yi ne, da za su taru haka ranar aiki. Tambayar ba ta wauta ba ce, kuma na sha jin irinta daga bakin manyan ma'aikata. Saboda haka na ga ya kamata in warware wa masu karatu abin da na fahimta.

Kuskuren abokina shi ne ya ɗauka mako ɗaya ne a garin, watau makon ofis, Litinin zuwa Jumma'a. Alhali kuwa wannan mako shi ne auta a ƙasar nan. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa ribaɗi a Wurno, ya zaunar da malamai da masu sana'a da manoma, a nan kuma ya rasu a 1837. Babu wanda ya yanka wa waɗannan mutane ƙarfe takwas zuwa ƙarfe huɗu. Salla ce ke raba musu yini, damina da rani ke raba musu shekara. Sai bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903 aka san agogon ofis da albashin wata. Ko a ƙasashen Turawan ma hutun kwana biyu ba daɗaɗɗe ba ne, gama sai a 1926 Henry Ford ya ba ma'aikatan masana'antarsa ta motoci a Amurka Asabar da Lahadi.

Sa'ad da Ahmadu Bello ya zama Hakimin Rabah a 1934, masu cin albashin En'e a gunduma irin tasa ba su wuce alƙali da malaman haraji da malaman elemantare da 'yan dogarai ba. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya yawaita su ƙwarai, aka gina sakatariya da asibitoci da makarantu. Duk da haka in ka jera magidanta a Rabah ko Goronyo ka ce mai albashi ya ɗaga hannu, 'yan ƙalilan za ka gani. Sauran kowa da makonsa.

Na farko shi ne makon kasuwa. Kowace babbar kasuwa da ranar cinta, domin ɗan kasuwa ya samu ya zaga su duka cikin kwana bakwai. Ta Goronyo Lahadi take ci, ranar da ma'aikaci ke miƙe ƙafa a gida. Ta Achida, wadda ta yi suna wajen dabbobi, da tata ranar. Kasuwa kuwa ba yini ɗaya take ci ba, in an lura. Ran jajibere ana ɗinke buhunan albasa da tafarnuwa, ana neman mota. Kashegari ana lodin abin da za a kai Kudu, dillalai na biyan bashi, masu awo na lissafi. Mutumin da ka gani zaune a tasha ran Litinin, wataƙila kuɗin shinkafar da ya sayar jiya yake jira. Wannan zama aiki ne, ko da yake ba a rubuta shi a littafin halarta.

Makarantun allo su ma da nasu tsari, Alhamis da Jumma'a suke hutu. To, yaron da ke karatun allo da na boko yana da hutu iri biyu waɗanda ba su haɗuwa, ya tashi ba shi da yini guda cikakke na kansa.

Sa'an nan ga fadama. A da, da an kai amfanin gona gida sai samari su ɗaure kaya su tafi cin rani. A ƙidayar da aka yi cikin ranin 1952 zuwa 1953, wadda Baturen nan Prothero ya yi nazarinta, an ƙirga fiye da mutum 250,000 suna bin hanyoyin fita daga Lardin Sakkwato, galibinsu 'yan lardin. A lokacin nan garuruwa kan yi shiru da rani, sai tsofaffi da mata. Har yanzu ana tafiya, amma madatsar ruwa ta Goronyo da aka kammala a 1984 bisa Gulbin Rima, da ta Lugu kusa da Wurno, sun tsayar da mutane da yawa a gida. Injin ban-ruwa ya maye gurbin jigo, aikin da kan ci yini yanzu sa'o'i kaɗan ne. Mai lambu yakan fita tun da asuba, ya ba albasa ruwa, kafin rana ta take ya shigo gari neman fetur ko taki ko mai gyaran inji, da la'asar ya koma. Abokina ya iske shi da ƙarfe goma sha ɗaya yana shan shayi, bai san ya riga ya yi aikin sa'a biyar ba.

Ga kuma sababbin sana'o'i waɗanda kakanninmu ba su sani ba: masu POS, masu cajin waya, masu gyaranta, da 'yan kabu-kabun nan. Tsakar gari ita ce ofishinsu, ba su da Asabar balle Lahadi. Wanda ya ga yadda aka yi ta layi a gabansu lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya san matsayinsu.

Amma ba zan ɓoye ba, cikin taron nan akwai waɗanda zamansu ba na zaɓi ba ne. Tun harin da 'yan bindiga suka kai Tabanni a ƙasar Rabah cikin Yuli 2018, ƙauyuka da dama sun watse, mutanensu suka kwararo manyan garuruwa. A Satumba 2021 aka yanke layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar, har da Rabah da Goronyo. Ran 17 ga Oktoba na shekarar aka auka wa kasuwar Goronyo tana tsakiyar ci, gwamnati ta ce mutum 43 suka rasu. Allah ya jiƙansu. Manomin da gonarsa ta gagare shi zuwa, ina zai zauna in ba bakin kasuwa ba, ko Allah zai kawo ɗan dako? Kiran irin wannan bawan Allah malalaci zalunci ne.

Abin da ya fi damuna ni, a aikina, shi ne wurin da ya kamata a tarar cike ran Litinin, sa'an nan a tarar da shi wayam. Ma'aikata da malamai da yawa da aka tura garuruwan nan a birnin Sakkwato iyalinsu suke, kullum sai sun bi mota. Da aka janye tallafin fetur ran 29 ga Mayu 2023 kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo, wasu suka mai da zuwa aiki kwana biyu ko uku, suna yi wa juna karɓa-karɓa a asirce. Ba a nan kaɗai abin ya tsaya ba. Jihohin Kwara da Edo sun sanar da rage kwanakin zuwa ofis zuwa uku a Yuni 2023, Kaduna kuwa tun Disamba 2021 ta yanke kwana huɗu. A zamanin korona, a 2020, Gwamnatin Tarayya ta ce ƙananan ma'aikata su yi aiki daga gida. Wannan yana iya yiwuwa ga akawun da ke da kwamfuta da lantarki da intanet. Amma ba a koya wa ɗan aji ɗaya baƙi da wasali ta waya, ba a kuma yi wa jinjiri allura daga nesa.

Na taɓa shiga wata makaranta, ba sai na faɗi sunanta ba, ranar kasuwar garin. Na buɗe rajista na ga an cika ta tsaf, na ɗaga kai na ga benci ya fi yara yawa. 'Yan mata sun tafi talla, maza sun bi iyayensu riƙon akuya. Na yi wa hedimasta faɗa, ya saurare ni da ladabi, sa'an nan ya nuna mini cewa haka abin yake kowane mako tun kafin a kawo shi. Na lissafa a zuci, yini ɗaya cikin biyar ke nan, watau cikin shekara shida ta firamare yaro ya yi asarar fiye da shekara guda. Goronyo ta yi sa'a da kasuwarta ta faɗo Lahadi. Garuruwan da tasu ta faɗo tsakiyar mako su ke biyan wannan haraji.

A ganina faɗa ba zai raba uba da kasuwa ba, gama daga nan abincin gidan ke fitowa. Abin da ya fi sauƙi shi ne a ba hukumar ilmi ta kowace ƙaramar hukuma iko ta daidaita jadawali da makon garin. Ran kasuwa a shiga aji da ƙarfe bakwai, a ba da lissafi da karatu, a tashi da hantsi kafin kasuwa ta cika, a rama sauran darussa da safiyar Asabar. A kuma gyara gidajen malamai da suka zube, domin wanda aka tura Rabah ya kwana a Rabah. Na kai wannan shawara gaban kwamitin iyaye na wata makaranta, wani dattijo mai sayar da tafarnuwa ya ce ya yarda da ƙarfe bakwai, in dai malamin zai riga jikokinsa isowa.